Yadda Ake Ɗaura Giya da Sifiroket a Shaf ɗin Moto Ba Tare da Sun Zame Ba

Moto na ta kuka, fitilun allo duk a kunne, amma robot ɗin yana tsaye kamar an dasa shi. Wata ɗalibata ta ce, "Malam, ina jin batir ne ya yi sanyi." Wani ya ce a'a, a sake duba umarnin da aka rubuta a kwamfuta. Na ce kowa ya dakata, na kifa robot ɗin, na sa aka sake kunnawa. Ga shaf, wato sandar ƙarfen da ke fitowa daga moto, yana juyawa sumul a cikin giya, faifan nan mai haƙora, ita kuwa giyar ko gezau. Wani ɗan sukuru da bai fi ƙwayar shinkafa ba ne ya saki, ya tsayar da aikin mako 6.

Tun da na fara koya wa yara haɗa mutum-mutumi a nan Jos, babu matsalar da na fi yawan cin karo da ita kamar wannan. Yara sukan ba da hankalinsu kaf ga waya da rubutun umarni, su bar mahaɗar giya da shaf sai daren ƙarshe, alhali duk ƙarfin moton ta wannan ɗan wurin yake bi kafin ya kai taya.

Ga lissafin da nake fara yi musu a allo. A ce motonka yana ba da ƙarfin murɗa na kilo 10 a kan santimita 1, wato abin da ake rubutawa 10 kg.cm a takardar moto. Kaurin shaf ɗinsa milimita 6 ne, ke nan daga tsakiyarsa zuwa bakinsa santimita 0.3. Raba 10 da 0.3, za ka samu kusan kilo 33. Nauyin da ke tura bakin wannan ɗan sukurun ke nan, ya fi jarkar ruwa mai lita 25. Kuma duk sanda robot ya koma baya, nauyin sai ya juyo ta ɗaya ɓangaren. Idan ba abin da ke riƙe da giyar sai matsin sukuru a kan ƙarfe mai santsi, to zamewa dole ce, rana kawai take jira.

Abin da ke riƙe giya da gaske shi ne siffa, ba ƙarfin ɗauri ba. Shi ya sa kamfanonin da ke yin kayan gasar ɗalibai suka guje wa shaf zagayayye: na LEGO siffar giciye gare shi, na VEX kusurwa 4, na REV kusurwa 6 mai milimita 5. Mu da muke haɗa namu da abin da muka samu a kasuwa, mu ne za mu samar wa kanmu wannan siffar.

Awo kafin saye

Kada ka sayi giya kafin ka auna shaf. Ido ba ya rabe milimita 6 da 6.35, kuma dukansu suna yawo a kasuwa, domin 6.35 rubu'in inci ne, awon da Amurka ke bi. Haka 3 da 3.17. Giya mai ramin 6.35 za ta shiga shaf ɗin 6 cikin sauƙi har ka ɗauka ka dace, amma da ka ɗaure sukuru sai ta karkace gefe guda ta riƙa ɗingishi a kowane juyi. Ka nemi ma'aunin baniya, mai muƙamuƙi biyu da ke kama abu ya nuna kaurinsa. Ko na roba mai araha ya fi rula.

Motocin da suka fi zuwa hannun ɗalibai ga yadda suke. Mai ruwan ɗorawa ɗin nan na roba da ake kira TT, shaf ɗinsa a daddaɓe yake gefe 2, kaurinsa wajen milimita 5.4. Ƙaramin N20 milimita 3 ne. Mai akwatin giya 25GA milimita 4, babban wansa JGB37 milimita 6, kuma ukun nan an shafe musu gefe ɗaya, siffar harafin D. NEMA 17 milimita 5, wani da shafaffen gefe, wani babu. RS-550 zagayayye ne mai 3.17, RS-775 kuma 5. Shi moton sabo, wanda ke juya hannun robot zuwa kusurwar da aka ce masa, bakinsa ƙananan haƙora ne. Na MG996R guda 25 ne, ka yi amfani da hannun da ya zo da shi, ka ɗaura giyarka a kan hannun, magana ta ƙare.

Ka auna tsawon shaf ma, da tsawon shafaffen wurin. Sau da yawa shafewar ba ta kai har gindi ba, sai a tura giya ciki sosai, sukuru ya sauka a inda ke zagaye.

Idan giya 2 za su ciji juna, dole girman haƙoransu ya zama ɗaya. Ana kiran wannan awon mojul. Ka auna faɗin giya daga bakin haƙori zuwa bakin wanda ke daura da shi a ɗaya gefen giyar, ka ƙirga haƙoran, ka ƙara 2, ka raba faɗin da abin da ka samu. Giya mai haƙora 12 da faɗin milimita 14, mojul ɗinta 1 ne. Tazarar da za ka bari tsakanin tsakiyar shaf biyu kuwa, haɗa haƙoran duka, ka ninka da mojul, ka raba 2. Mai 12 da mai 36 a mojul 1, milimita 24 ke nan.

Sukurun gefe, wanda kusan kowa ke amfani da shi

Shi ne ɗan sukurun nan marar kai da ke shiga ta wuyan giya, ana ɗaure shi da alanki, lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa 6. Yana aiki ƙwarai idan an bi ƙa'idarsa, kuma a nan zan fi daɗewa.

Da farko ka goge shaf da ramin giya da tsumma da ɗan sifirit. Sabon moto yakan zo da maiƙo a jikin shaf don kada ya yi tsatsa, maiƙon nan kuwa abokin gabar riƙo ne.

Ka warware sukurun ka fito da shi gaba ɗaya. Ka zura giya, ka leƙa ta ramin sukurun da tocilar waya kana juya giyar a hankali har sai ka ga shafaffen gefen yana kallonka. Wannan leƙen ba ya ɗaukar minti ɗaya, amma shi yara suka fi tsallakewa. Ina sa su zana layi da alƙalamin maka a goshin shaf daidai da shafaffen gefen, don ko giya ta rufe wurin su san inda yake.

Kada giya ta manne da jikin moto. Ka saka ɗan kwali mai kaurin katin waya a tsakani kafin ka ɗaure, ka zare shi daga baya. Amma kuma kada ka kai ta can bakin shaf, domin duk nisan da ta yi da jikin moto, haka nauyin da ke kan boris ɗin ciki yake ƙaruwa.

Yanzu ka ɗiga maganin ɗaure zare, ɗigo ɗaya, a kan zaren sukurun. Shuɗi nake nufi, irin Loctite 243. Ja, irin 271, ba ya warwaruwa sai an gasa shi da zafin da ya kai digiri 250, moto kuwa ba zai rayu a wannan zafin ba. Ka mayar da sukuru, ka ɗaure shi kaɗan, sannan ka girgiza giyar dama da hagu kana ƙara ɗaurewa. Girgizar ce ke sa bakin sukurun ya zauna a tsakiyar shafaffen wurin maimakon ya tsaya a gefensa. Idan ya tsaya a gefe, za ka ji kamar ya ɗauru, amma juyin farko zai ture shi tsakiya ya saki. Idan giyar na da sukuru 2, na kan shafaffen gefe shi ne farko, ɗayan ya biyo baya.

Alanki ma sai da kula. Sukurun M3, wato mai kaurin milimita 3, na ɗaukar alanki 1.5, M4 na ɗaukar 2, M5 kuma 2.5. Alankin da bakinsa ya cinye, ko na inci da aka cusa a ramin milimita, shi ke kwashe cikin sukuru, daga nan ba ɗaurewa ba warwarewa. Ka riƙe gajeren ɓangaren alankin ka murɗa da yatsu, idan ka ji ya fara lanƙwasa kaɗan, ya isa.

Maganin yana kamawa cikin mintoci, amma sai ya kwana, awa 24, yake kai cikakken ƙarfinsa. A sanyin Jos na Disamba da Janairu yakan ƙara jinkiri, don haka ba aikin safiyar gasa ba ne. Abu guda kuma da nake maimaita wa yara har su gaji da ji: wannan maganin kada ya taɓa roba. Yana tsattsaga roba irin ABS da folikabonet, ka wayi gari ka tarar wuyan giya ya dare.

Idan shaf ɗin zagayayye ne

Sai ka yi masa shafaffen gefe da kanka. Kafin magagari ya taɓa ƙarfe, ka naɗe moton da leda da salatif, ka toshe duk wata kafa, ka bar shaf kaɗai a waje. A cikin moto akwai maganaɗisu, kuma garin ƙarfen da za ka goge kai tsaye zai nufi ciki ya cinye boris. Ka kama shaf ɗin kansa da bayis, matsewar ƙarfen nan da ake kafawa a tebur, ba jikin moton ba, domin gwangwaninsa siriri ne, da ya lotsa aiki ya ɓaci. Ka goga da magagari mai laushin haƙora, kana tura shi gaba a miƙe, kada hannu ya riƙa lilo. Zurfin rabin milimita ya wadatar a shaf mai 5 ko 6. Abin da ake so shi ne wurin ya fi bakin sukurun faɗi kaɗan. Ka goge garin da tsumma kafin ka cire ledar.

Wani lokaci giyar ce ba ta da ramin sukuru. Idan wuyanta na da kauri, aƙalla daidai da kaurin sukurun, za ka iya huda shi ka yanka zare. Ga M3 ka huda da 2.5, ga M4 da 3.3, ga M5 da 4.2. Ka ɗiga mai a bakin abin yanka zaren, ka murɗa rabin juyi gaba, ka ɗan dawo baya don ɓarɓashi ya karye, haka har ka ɓulla. Na M3 siriri ne, gaggawa kaɗan sai ya karye a ciki.

Faɗaɗa ramin tsakiyar giya kuwa, kada ka yi shi da injin huda na hannu. Ramin zai kauce daga tsakiya ko da idonka bai gani ba. Ka kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe, wanda 'yan gareji ke kira tana. Ka tafi da moton a hannu, ba da lamba a takarda ba. Ni dai abin da nake ce wa dattijon da ke yi mana shi ne, "Baba, so nake ta shiga da turin hannu, amma kada ta yi wasa." Ya fi ni sanin yadda zai yi daga nan.

Idan da hali, akwai abin da ya fi sukurun gefe a shaf zagayayye: wuya mai tsaga, wanda sukurunsa ke matse shaf ta ko'ina kamar zobe. Ba ya yi wa shaf tabo, kuma ba ya karkatar da giya. Tsada ce kawai matsalarsa, sai kuma wuyar samu, yawanci sai an yi odarsa.

Masu buga giya da injin 3D, ku zana ramin da siffar D tun a kwamfuta, ku ƙara masa milimita 0.1 zuwa 0.2, domin rami kan fito a matse. Kada ku dogara da zaren da aka yanka a roba. Ku bar ɗan aljihu a wuyan giyar da za a jefa notin M3 a ciki, sukuru ya bi ta cikin notin ya taka shaf.

Giyar da ake dannawa

Motoci masu gudu sosai irin RS-550 da RS-775, ƙaramar giyarsu galibi danna ta ake yi. Ramin ya gaza shaf da ɗan abin da bai wuce milimita 0.01 zuwa 0.02 ba, matsin shi ke riƙe ta.

Guduma ba ta da aiki a nan. Dukan ba a giya yake tsayawa ba, yana ratsa shaf ya ture kayan ciki, ya fasa boris ko ya tsaga maganaɗisu. Da bayis ake yi. Ka duba bayan moton, za ka ga ƙarshen shaf ya ɗan leƙo tsakanin ƙafafun waya. Ka tokare wannan ƙarshen da ƙaramin noti ko guntun ƙarfe, yadda matsin zai bi ta shaf kaɗai, ba ta jikin moto ba. Giya a ɗaya muƙamuƙin, ka matsa a hankali, ka tsaya bayan milimita ɗaya ka duba ko ta miƙe. Idan ta karkace ka fitar da ita ka sake, ƙarin matsi ba zai daidaita ta ba. In kana son ta wuce bakin shaf, ka ɗora ƙaramin soket na kwance noti a bayanta don shaf ya samu inda zai ɓullo.

Wasu kan ce a ɗumama giyar tukuna. Yana ɗan taimakawa, amma kada a sa rai da yawa: ramin milimita 5 a ƙarfe, ko ka ƙara masa zafin digiri 100, buɗewar da zai yi wajen 0.006 ce kawai. Giyar ake ɗumamawa, ba moton ba.

Batun sufa gulu kuma, na san za a tambaya. Yana riƙe giyar roba a ƙaramin abin wasa na ɗan lokaci, amma yana da gautsi, girgiza kan fasa shi, kuma ruwa-ruwa ne, yakan gangara ta shaf ya shiga boris ya daskarar da moto gaba ɗaya. Na ga moto sabo fil ya mutu ta haka. Idan dole sai manni, akwai wanda aka yi don wannan aikin, irin Loctite 638, ana shafa shi a cikin ramin giya, a ajiye moton bakinsa na kallon ƙasa har ya kama.

Manyan motoci irin CIM, mai shaf milimita 8, da kwarmi suke zuwa, ana saka ɗan makullin ƙarfe mai milimita 2 a ciki, rabinsa a shaf rabinsa a giya. Wannan ba ya zamewa, sai dai ka sa abin da zai hana giyar zarewa ta gaba.

Moton waifa da sarƙar keke

Ga robot mai nauyi, wanda zai ɗauki kaya ko ya hau tudu, babu abin da ya kai moton waifar mota sauƙin samu a wurinmu. Ka shiga Dilimi wajen masu kayan gyaran mota za ka samu na hannu. Bolt 12 yake ci, ƙarfi gare shi, ba ya gudu. Sai dai shaf ɗinsa daban ne: gajere, mai tsukewa zuwa sama, da zane-zane a jiki, sannan zaren noti a ƙarshe.

Lokacin saye ka ce, "Maigida, a haɗa min da hannunsa da notinsa." Wannan ɗan hannun ƙarfen da ke juya sandunan waifa, raminsa ya riga ya dace da shaf ɗin, babu tanan da zai yi maka wanda ya fi shi. Ka cire shi, ka yanke tsawon da ba ka so, ka ɗaura sifiroket, faifan haƙoran da sarƙa ke hawa, a kansa da ƙananan noti, ko ka kai wa mai walda ya haɗa su. A yi waldar hannun yana ƙasa, nesa da moton. Babbar giyar da ke cikin moton waifa ta roba ce, idan aka yi walda a kan shaf, zafin zai bi ƙarfe ya narkar da ita. Kafin mai walda ya cika, ya ɗan ɗiga wuri 3 tukuna, ku mayar a moto ku juya ku gani ko sifiroket ɗin na tsakiya. Notin shaf kuma a sa masa shuɗin magani, domin an yi waifa ne ta juya gefe ɗaya, robot kuwa gaba da baya yake yi.

Kada ka ɗauko firwil ɗin bayan keke ka ɗaura haka nan. Gefe ɗaya yake ja, ɗaya gefen sakin kansa yake yi, robot ɗinka ba zai taɓa komawa baya ba. Ko a toshe shi da walda, ko a nemi sifiroket sandararre.

Sarƙa da sifiroket dole su zama gida ɗaya. Tazarar gaɓar sarƙar keke milimita 12.7 ce, ta lamba 25 da ake yawan sa wa robot 6.35, ta lamba 35 kuma 9.525. Ta babur mai lamba 428 tazararta ɗaya da ta keke, amma ta fi faɗi, haƙoran sifiroket ɗin babur ba za su shiga sarƙar keke ba.

Kafin ka ɗaure sukurun ƙarshe, ka kwantar da rular ƙarfe a fuskar sifiroket ɗin duka biyu. Ta taɓa su daidai, babu haske a tsakani. Mafi yawan sarƙar da ke faɗuwa, ba sako-sako ne ya kayar da ita ba, rashin saiti ne. Yara kuwa da sun ga ta faɗi sai su ƙara ja, har ta zama kamar tsirkiyar baka. Wannan jan a kan shaf ɗin moto yake sauka, ya cinye boris, ya sa moto zafi, ya sha batir. Ka bar ta da ɗan wasa, yadda in ka danna tsakiyarta da yatsa za ta ɗan sauka. Ka yi ramukan ɗaure moto dogaye maimakon zagayayyu, don ka riƙa matsar da shi. Idan shaf ɗin dogo ne, ka tallafe bakinsa da wani boris a waje: mai lamba 625 na shiga shaf 5, 626 na shiga 6, 608 kuma 8.

Giya da giya ma haka ne, ba a matse su. Ka yanki siririyar takardar littafi ka saka tsakanin haƙoransu, ka tura su su haɗu, ka ɗaure moto, ka juya takardar ta fito. Ɗan sararin da ta bari shi ake so.

Gwaji

Ka zana layi ɗaya da maka, ya taso daga goshin shaf ya hau kan giya. Ka ɗaga robot, ka kunna shi gaba da baya sau 20, kana sauya hanya ba tare da tsayawa ba. Ka sauke shi ƙasa da duk nauyin da zai ɗauka, ka tokare shi da bango na daƙiƙa 2 kacal, kada ka wuce haka don moto na ƙonewa. Sannan ka duba layin. Idan ya rabu ko da kaurin gashi ne, giyar ta motsa, ka kwance ka koma kan leƙen ramin sukuru.

Layin nan a bar shi, kada a goge. A wurinmu akwai ɗalibi guda da aikinsa ke nan kafin kowace fita fili: ya bi giya ɗaya bayan ɗaya da tocila yana duba layukan, alanki 1.5 da 2 na rataye a wuyansa da zare.